Gona ta cika da kalgo, ina kuka da tsamiya?

Wanda ya bi hanyar Maradi zuwa Tasawa a watan Maris, ya ratsa Cadawa da Agye da Gazawa, zai ga gonaki cike da itatuwa dama da hagu: gawo da ganyensa shar a tsakiyar rani, kalgo da sabara a tsattsaye cikin kara. Dattawan yankin sun san ba haka wurin yake ba a farkon shekarun 1980. Lokacin iska kan kwaso rairayi ta binne shuka, manomi ya maimaita shuka sau biyu ko uku kafin hatsi ya kama. Masanan da suka gwada tsoffin hotunan sama da sababbi sun ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 da suka sake yin icce a Nijar, galibi a jihohin Maradi da Damagaram, itatuwa kimanin miliyan 200, kuma mafi yawansu ba wanda ya dasa su. Abin alfahari ne. Amma tsaya a gona guda, ka bar ƙidayar icce ka ƙidaya iri. A gonaki da yawa iri uku ko huɗu ne suka mamaye kusan duka. Kuka, tsamiya, kanya, ƙirya, danya, marke: ko dai babu, ko kuwa tsoho guda ne a gefe, ba ƙaraminsa ko ɗaya a kusa.

Wannan giɓin shi ne ainihin abin da manyan tarurrukan duniya ke magana a kai. Yarjejeniyar kare yawan nau'o'in halittu da aka sa wa hannu a birnin Riyo na Barazil a 1992 iri take ƙidaya, ba tsayin icce ko yawan inuwa ba. A 2019 kwamitin masana na IPBES ya ce kimanin nau'i miliyan 1 na dabbobi da tsirrai na cikin haɗarin ƙarewa. A watan Disamba na 2022, a Montiriyal ta Kanada, ƙasashe suka amince a kare kashi 30 cikin 100 na tudu da ruwa kafin 2030. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, kuwa a 2020 ta ce daji ya rufe kashi 31 cikin 100 na tudun duniya, kuma tsakanin 2015 da 2020 ana sare hekta wajen miliyan 10 kowace shekara. Sai dai a irin wannan lissafi, fili da aka cika da turare iri ɗaya a jere shi ma yana shiga sahun daji. Tsuntsu da ƙudan zuma ba su yarda da wannan lissafin ba.

Mu fara da abin da muka iya. Sassabin zamani, wato barin tohon icce a gona a rene shi maimakon a sassabe, ya samo asali ne a nan Maradi a 1983, lokacin da Toni Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM, ya lura cewa ƴan ƙananan ciyayin da ake sassabewa kowace shekara tohon itatuwa ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Kafin nan an sha dasa icce daga gandun reno, mafi yawa suna mutuwa. Bayan yunwar 1984 aka haɗa barin toho da rabon cimaka, mutane suka bar itatuwa wajen 500,000. Da cimakar ta ƙare aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka bar nasu su ne suka ga amfanin, kuma daga gonakinsu abin ya bazu, maƙwabci na kwaikwayon maƙwabci. A 2018 an ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso.

Aikin kansa ba wuya, amma ana ɓata shi ta hanyoyi da aka sani. A kan kowane kututture ka zaɓi toho 2 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka datse musu rassan gefe har rabin tsayinsu, kada ka wuce. Mai son ya ga icce ya miƙe da wuri yakan aske shi har kai, ya bar ɗan tukku a sama. Irin wannan sanda ce kawai, iskar farkon damana za ta karya ta, akuya kuma ta tanƙwaro ta cinye. Adda ta kasance mai kaifi, sara kuma daga ƙasa zuwa sama. In ka saro daga sama, reshe yakan tsage ya ja ɓawo, ciwon ya zama ƙofar gara da ruɓa. Ka koma duk wata 2 zuwa 6 ka cire sabon toho. Barin toho da yawa yana da hikima: kowace shekara kana iya sare ɗaya don iccen girki ko dirka, ka bar mafi kyau ya zama uwa. An fara da itatuwa wajen 40 a hekta, yau akwai masu riƙe 100 ko fiye, gwargwadon iri da yadda suke datse rassa kafin shuka. Ɗaura jan ƙyalle a kan tohon da aka zaɓa ƙaramin abu ne, amma shi ke gaya wa mai neman icce cewa wannan da mai shi.

To me ya sa iri kaɗan ne ke dawowa? Saboda sassabin zamani abin da ke ƙasa kawai yake tayarwa. Kalgo, sabara, geza da taramniya sun jure sara da wuta shekara da shekaru, saiwarsu ba ta mutuwa. Gawo yana da nasa gata: bisashe na cin ƴaƴansa, ƙwayar ta bi ta cikinsu ɓawonta ya yi laushi, ta fito cikin taki ta tsira a gona. Manomi kuma yana sonsa, domin yana zubar da ganye da damana, ba ya yi wa hatsi inuwa, ƙasar gindinsa kuma ta fi ƙarfi. Kuka da tsamiya da kanya ba su da wannan sa'a. Tsoffin kututtukansu sun daɗe da ruɓewa, ƴaƴansu ana kwashe su kaf zuwa kasuwa, ɗan wanda ya tsira kuma hauya ko akuya ta gama da shi a shekararsa ta farko. Ƙirya kuwa ingancinta ne ya ci ta: turmi, taɓarya, gawayin maƙera, duk ita ake nema, ga ta da jinkirin girma. Waɗannan dole a shigo da su da hannu.

Tattara iri shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma kuskuren ba ya bayyana sai bayan shekaru. Mai gandun reno yakan je gindin tsamiya guda mai yawan ƴaƴa ya cika buhu, ya raba wa ƙauyuka goma. Duk itatuwan nan ƴan uwa ɗaya ne. Ciwon da ya kama ɗaya zai kama duka, kuma in suka yi barbara tsakaninsu ƴaƴan sukan fito da rauni. Ƙa'idar masu harkar iri ita ce a ɗiba daga uwaye 25 zuwa 30 aƙalla, tsakanin kowace da ƴar uwarta mita 50 zuwa 100, a ɗebi kaɗan-kaɗan a gauraya. A ɗauki nunanne daga kan icce, domin wanda ya daɗe a ƙasa galibi ƙwaro ya huda shi. A fi son uwayen da ke yanki mai ruwan sama irin naka ko ƙasa da naka. Irin da aka kawo daga kudu mai yawan ruwa yakan yi saurin tashi a gandun reno, ya mutu a ranin farko a Dakoro ko Mayahi.

Ƙwayar kuka da ta gawo da ta bagaruwa da ta ƙirya suna da ɓawo mai tauri, in ka shuka haka nan sai ta yi watanni ba ta motsa ba. Hanya biyu ce. Ko ka tafasa ruwa, ka sauke, ka zuba iri ka bar shi ya kwana, ka shuka waɗanda suka kumbura. Ko ka ɗan kankare gefen kowace ƙwaya da abin yankan farce ko a kan dutse, nesa da idon da tsiro zai fito, sannan ka jiƙa awa 24. Kada ka bar iri a kan wuta yana tafasa, dafa shi ka yi. Aduwa a cire naman a jiƙa kwana ɗaya. Kaɗanya, ga masu ita a can kudu, ba ta ajiyuwa: ƙwayarta na mutuwa cikin ƴan makonni, sai a shuka ta da ɗanyenta.

In za a yi reno a leda, wata 3 zuwa 4 ya isa ga yawancin itatuwanmu. Wanda ya wuce haka saiwarsa takan naɗe a gindin leda kamar gammo, kuma iccen da aka dasa da naɗaɗɗiyar saiwa ba ya zurfafa, yakan tsaya cak ko ya faɗi bayan shekara biyu ko uku. Ana ɗaga ledoji duk mako biyu a yanke saiwar da ta huda ƙasa, ranar dashe kuma a yanke gindin ledar da santimita 1 zuwa 2. Rami ya kai santimita 40 faɗi da zurfi, a haƙa shi tun kafin ruwa, a dasa idan damana ta zauna, wajen tsakiyar Yuli. Bikin dashen icce na 3 ga Agusta yana da kyau ga tunatarwa, amma wanda ya jira shi sannan ya fara haƙa rami ya rage wa dashensa makonnin ruwa da yake buƙata. Sauran aikin shinge ne. Iccen da ba a kewaye shi da ƙaya ko kwando na shekara uku ba, abincin akuya aka dasa. Ni a ganina gara mutum ya dasa 10 ya tsare su da ya dasa 200 ya juya baya.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa manoma ba, alhali tsofaffi sun san shi: wasu itatuwa suna da namiji da mace dabam. Giginya, goruba, kanya da danya duk haka suke. Namiji ba ya ƴaƴa, don haka shi ake fara sarewa, a giginya ma shi aka fi so don azara. Ranar da mazan yanki suka ƙare, matan za su yi fure su zubar, a ce ƙasa ce ta gaji. Giginya kuma tana da wata matsalar: muruci ɗan giginya ne da aka tono tun bai fito ba, duk wanda aka ci icce ne da ba zai tsaya ba. Ba a ce a daina cin muruci ba, a dai ware wani kaso na ƙwallon a binne inda za a bar shi. A Gulbin Kaba labarin goruba ne. Kabar da mata ke yanka don tabarma da igiya da faifai ƙaramar goruba ce. In ana yanke ta kaf kowace shekara, har da ɗanyen ganyen tsakiya, za ta dawwama a ƙasa, ba za ta taɓa yin gangar jiki ba. Gyaran shi ne a kowane cinkus na kaba a zaɓi tsiro ɗaya ko biyu a yi musu alama, a daina taɓa su, a ci gaba da yankan sauran. Da haka ake samun kaba a bana, a sami goruba nan gaba.

Kuka kuwa da dare take buɗe fure, jemage ne ke yi mata barbara, haka ma ɗorawa. Garin da yara suka kore jemagu da danƙo, aka sare manyan itatuwan da suke kwana, kukarsa za ta rage ƴaƴa. Sannan kukar da ake aske wa ganye duk shekara har rassa ba ta samun damar fure. Masu lambu sun samo mafita: a shuka kuka a fangali kamar zogale, kusa da kusa, a riƙa tsinkar ganye tun tana ƴan watanni, a bar manyan na daji su yi ƴaƴa.

Ƙananan halittun da ido ba ya kula da su su ma suna cikin lissafi. Tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi tana da abokin gaba, wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro da ke saka ƙwai a jikinta. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a nan Maradi sun yi shekaru suna kiwon sa suna sakin sa a ƙauyuka cikin ƴan buhunan algarara da ake ratayewa a kan itatuwa lokacin da hatsi ke fitar da kai. Feshin maganin ƙwari barkatai yana kashe shi tun kafin ya kashe tsutsar. Ungulu ma haka. A Indiya, cikin shekarun 1990, wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan banza suka yawaita, sai a 2006 aka hana amfani da shi ga dabbobi. A wajenmu gubar da ake sa wa mushe don kashe dila da kura, da cinikin sassan ungulu don tsibbu, su ne ke cin ta. Duk wanda ya girma a Maradi ya san yadda ungulu ke cika mahauta a da, ya kuma san yadda take yanzu.

Duk wannan dabara banza ce in manomi bai tabbata iccen nasa ba ne. Dokar daji ta Turawan Faransa ta 1935, da wadda ta biyo bayanta a 1974, sun sa icce a hannun hukuma. Manomi ya ga in ya bar gawo ya girma, gobe ya sare reshe, tara ce. Sai ya gwammace ya kashe shi tun yana toho. Abin ya fara sauyawa da kasuwannin icce na karkara a 1992, da kundin dokokin karkara na 1993, da dokar daji ta 2004, har zuwa dokar 2020 da ta tsara sassabin zamani ta kuma amince da haƙƙin wanda ya rena icce a gonarsa. Takarda kaɗai ba ta tsare icce da dare. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, abin da ya yi aiki shi ne kwamitin gari da ya haɗa maza da mata da Fulani makiyaya, da tarar da kowa ya san adadinta. Sa makiyayi cikin kwamiti ba alfarma ba ce: shi ke yawo da sanda mai ƙugiya da rani, kuma in an toshe masa burtali da shuka, rassan gawon wani zai sauke. Ƙasar Nefal ta bi irin wannan hanya da dokar dajinta ta 1993, ta miƙa dazuka ga ƙungiyoyin ƙauyuka, dajinta ya tashi daga kimanin kashi 26 cikin 100 na ƙasar a 1992 zuwa wajen 45 a 2016. Dajin Baban Rafi da ke Madarunfa, wanda ya daɗe yana ciyar da murhun birnin Maradi, irin wannan tsari yake buƙata: a raba shi kashi-kashi, a sari ɗaya a bar sauran su huta, a kuma fitar da wasu iri daga jerin abin sara gaba ɗaya. Matsalar ita ce mai saran icce kuɗin ɗaurin iccensa yake kallo, kuma marke da ƙirya sun fi sabara tsada.

Inda ƙasa ta zama fako, babu kututture babu komai, sai a fara da kama ruwa. Rabin wata, wato rami mai siffar rabin da'ira, ana haƙa shi faɗin mita 4, zurfin santimita 15 zuwa 25, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, layi-layi a sassaɓe, wajen 313 a hekta. Tassa ramuka ne na santimita 20 zuwa 30, kowane da taki cikin hannu ɗaya ko biyu, gara ta shigo ta huda ƙasa ruwa ya sami hanya. In ba a bi daidaiton gangare ba, ruwa zai taru a kunne ɗaya ya fasa, ya zama farkon kwazazzabo. In kuma aka haƙa aka tafi ba a watsa irin gamba da sauran ciyawar kiwo ba, garmani ne zai cika wurin, wanda dabba ba ta so.

Ruwan da ya gangaro daga fakon nan tabki yake nufa, da yashinsa. Shi ya sa gyaran tabkin Madarunfa daga tudu yake farawa. An sa tabkin cikin jerin wuraren yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971 don kare fadamu da tabkuna, kuma irin waɗannan wurare duniya ta yi asarar kimanin kashi 35 cikin 100 nasu tsakanin 1970 da 2015, saurin da ya fi na daji. Abin da ke kashe tabki irin namu sanannu ne. Noma har bakin ruwa yana cire ciyawar da ke tace yashi, don haka a bar ɗamarar gamba da itatuwa a kewaye. Madatsa a sama tana canza lokacin ambaliya: Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake fitowa, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya ruwan da ke isowa ba kamar da ba ne. Maƙwabtanmu na Haɗeja da Nguru sun ga ƙarshen wannan hanya bayan madatsun Tiga da Challawa: ruwa ya daina hawa da sauka yadda ya saba, kacalla ta toshe magudanai, tsuntsayen jan baki suka sami maɓoya suna cin shinkafa. Ƙona kacalla ba ya kashe ta, ƙara mata ƙarfi yake yi. Ana yanke ta ne a ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai nutse saiwar ta rasa iska, a maimaita sau biyu ko uku kafin ta yi fure.

Sai kamun kifi. Tarwaɗa tana saka ƙwai ne a farkon cikar ruwa, cikin ciyawar da ruwa ya rufe. Uwar karfasa a baki take riƙe ƙwanta da ƴaƴanta, wanda ya kama ta a lokacin ya kashe ɗaruruwa da hannu ɗaya. Gidan sauro da aka mayar taru yana kwashe komai har ƴan tsaki, maganin ƙwari da ake zubawa a ruwa kuma ya wuce ɓarna, ya zama cutar da masu ci. Abin da sarakunan ruwa suka gada shi ne maganin: a rufe ruwa lokacin haihuwa, a hana ragar da idonta bai kai shigar yatsa uku ba, a keɓe wani lungu da ba a taɓa shi ko da an buɗe. Argungu ta daɗe tana rufe kogin Matan Fada sai ranar su, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai an taru a ɗaga.

Teku ta yi mana nisa, amma kifin kwali da ake soyawa a kasuwar Maradi daga can yake, kuma ciwonta irin na tabki ne, girma kawai ya bambanta. FAO ta ce fiye da kashi ɗaya cikin uku na garken kifin teku ana kama shi fiye da yadda yake haihuwa. A gaɓar Nuwadibu ta Muritaniya masana'antu na niƙa ƙananan kifaye su zama garin abincin dabbobi, kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi ya ba da kilo 1 na gari, kifin da talakan Afirka ta Yamma ke ci. A Kanada, a gaɓar Niyufanlan, an yi ta kamun wani kifi mai suna kod da manyan jirage har ya kusa ƙarewa. A watan Yuli na 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutane wajen 30,000 suka rasa aiki, kuma sai a 2024 aka sake buɗe shi kaɗan. Dalili ɗaya shi ne manyan uwaye aka fara kwashewa, alhali babbar uwa guda tana saka ƙwai fiye da ƙanana da yawa a haɗe. A kudu maso yammacin Madagaska kuwa, tun 2004, masunta suka fara rufe wani yanki na ƴan watanni don wata dabbar teku mai hannu takwas da suke kamawa ta girma. Da aka buɗe suka ga nauyin kamu ya ƙaru, ƙauyukan gaɓar suka yi ta kwaikwaya, kamar yadda sassabin zamani ya bi gona-gona a nan.

Har kuskuren dashe ma teku ta maimaita shi. Bayan igiyar tsunami ta 2004 aka zuba kuɗi a Siri Lanka don dasa mangurob, itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri a bakin teku suna zama gidan renon kifi. Da aka bi wurare 23 daga baya, a 9 ba ko ɗaya da ya rayu, 3 ne kawai fiye da rabin dashensu ya rayu. An dasa a inda ruwa ya yi zurfi ko inda ba ya kaiwa, galibi iri ɗaya don shi ya fi sauƙin reno. Inda aka gyara hanyar shigar ruwa da fitarsa aka bar wurin, irin da igiyar ruwa ke kawowa ya tsira da kansa, iri-iri.

Ɗan uwa mai gona, ko kwamitin gari, ga yadda za ku san inda kuke ba tare da jiran masani ba. Bayan girbi, a auna fili mita 100 tsawo, mita 20 faɗi, kashi ɗaya cikin biyar na hekta ke nan. A bi shi da littafi, tare da tsoho ko tsohuwar da ta san sunayen itatuwa. Kowane icce a rubuta sunansa, a sa shi cikin ɗayan aji uku: wanda bai kai gwiwa ba, wanda ya kai tsayin mutum, da babba mai ƴaƴa. Iri mai lafiya ƙananansa sun fi manyansa yawa. Irin da ya fito a ajin manya kawai, ko da guda 20 ne, yana kan hanyar ƙarewa, shi za a fara nema wa iri a wannan ranin. Sannan a tambayi tsohuwar sunayen da ta sani tana yarinya waɗanda ba su fito a littafin ba sam, a rubuta su a shafi dabam, tare da garin da aka ce har yanzu akwai uwayensu. A maimaita awon a fili ɗaya, wata ɗaya, kowace shekara biyu. Masunta su yi irin wannan da igiyar awo a bakin tabki: tsawon kifi 50 na farko da aka fitar ranar buɗe ruwa, iri-iri, a rubuta a ajiye wurin sarkin ruwa.